Ba Mai Tuwo Nake Nema Ba

Zuwa ga Tasalla, sanyin idona, inuwar da nake marmari da tsakar rani, ruwan randar da anka rufe tun da safe, ɗan hasken da ke rage mini bayan rana ta faɗa fadama. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da zama ya gagara, ina fata gajiyar tasha ta sake ki, kafaɗar nan taki ta dama kuma ta yi sauƙi. Labbo ne na Kashin Zama, mai albasar nan da kinka kora ran wata kasuwar Jega watannin baya, kinka ce kada ya ƙara kawo miki zancen aure bakin tukunya. To, ban kawo shi bakin tukunya ba, ga shi a takarda.

Tasalla, ba ni da sukuni. Sai in shiga rudun da nake ajiyar albasa da niyyar tsince ruɓaɓɓu, in tarar ina ta jujjuya ƙwaya guda a hannu, na manta abin da ya kawo ni. In zauna, in tashi, in zaga bayan gida, in dawo in sake zama inda na tashi. Almu mai kabu-kabu ya gaya mini kin fara sayar da manyan tukwanenki, wai kafin ruwan farko ya sauka za ki rufe rumfa ki koma Mungadi, gidan yayanki Ummaru. Da gaske ne? Haka za ki naɗe tabarmarki ki tafi, ki bar ni da maganar da kinka jefe ni da ita? Kowa a garin nan ya ɗaga kai ya ga gajimare ya fara haɗuwa gabas sai ya yi hamdala, ni kaɗai ne manomin da gabansa ke faɗuwa.

Maganarki tana nan zaune a ƙirjina, ko kalma ɗaya ba ta zube ba. Kin ce tun da mai ɗakina ta rasu nake yawo daga rumfa zuwa rumfa, don haka ba mata nake nema ba, mai tuwo nake nema. Kin ce kin yi aure kin gani: ki wuni kina tuƙa wa matafiya, ki koma gida magariba kafaɗa na zogi, ki tarar da namiji ya miƙe ƙafa bisa tabarma yana jiran sabon tuwo mai zafi, na rumfa ba ya ci, ɗumame ba ya ci. Kin ce muciya ta cinye ƙuruciyarki, ba za ki miƙa mata tsufanki ba. Na ji zafi, na hau bayan Almu ina huci. Amma kafin mu kai Aliero hucin ya sauka, abin da ya rage sai hoton hannunki lokacin da kike maganar, kina murza kafaɗa ba ki ma san kina yi ba.

Kin tuna yammacin da motar albasarmu ta lalace a hanya, na iso rumfarki dab da magariba, na tarar an kife tukwane? Kinka ce abinci ya ƙare, Malam. Sai kinka dubi ƙurar da ke jikina, kinka jawo ɗan kwanon da ke gabanki, kinka raba abin da ke ciki biyu, kinka zuba mini rabi a faranti. Ƙanzon gindin tukunya ne kinka jiƙa ya yi laushi, kinka kwaɗa shi da garin ƙuli-ƙuli da zogale, ɗan tumatir, ɗigon man gyaɗa. Kinka ce wanga shi ne naki abincin, wanda ba ya neman wuta ba ya neman kafaɗa, ki ci ki kwanta cikinki sakayau. Na ce albasa ta yi kaɗan, kinka ce ni ko makabarta anka kai ni sai na yi tallar albasa. Kinka yi dariya har kina riƙe haɓa. Na daɗe ina cin tuwonki, Tasalla, tuwon da direbobi ke yabo tun daga Yawuri, amma ban taɓa ganin fuskarki a sake ba sai ranar da kinka ci abin da ba ki wahala a kansa ba. A kan faranti na ƙanzo na kamu, ba a kan malmala ba. Wane mai neman tuwo ne zai rasa barci saboda ƙanzo?

Na san rantsuwa ba ta da daraja wurinki, maza sun yi miki ita sun karya. Shi ya sa ban rantse ba, na tafi wurin Gwaggo Iyatu, ƙanwar mahaifina, na durƙusa na ce ta koya mini girki. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni ko wata ce ta ba ni wani abu na ci. Na ce e, ƙanzo. Da ta gama dariyarta ta share hawaye da bakin zane, na gaya mata sharaɗina: abin da za a ɗora bayan la'asar a sauke kafin ladan ya kira magariba, da abin da ke cikin gida ko bakin gona, ba muciya, ba taɓarya, ba abin da zai kwana yana danne ciki.

Da ɗanwake munka fara. Garin wake da na rogo, ɗan kuka, a kwaɓa da ruwan kanwa, a dinga jefawa cikin tafasasshen ruwa har su taso su nuna. Ni da ganin sauƙin abin na zabga kanwa da hannun mai zuba taki, ya fito da wani ɗaci da bauri, akuyar Gwaggo ta sansana ta juya mini baya. Gwaggo ta ce kanwa jiƙa ta ake yi a tsiyaye ruwan kawai, kuma namiji in bai san abu ba ya tambaya, gemunsa ba zai zube ba. Yanzu ɗanwakena sulɓi yake, da mai da yaji da albasar da na yanka siriri, ko ke kin gani sai kin yi shiru.

Ran da na dawo daga fadama a gajiye, dankali nake wankewa in dafa da ɓawonsa, kafin ya nuna na soya ƙwai da ganyen albasa, wanda ni kyauta nake tsinko shi. Ran da na shigo Jega na samu busasshen kifi, in jiƙa shi da ruwan zafi in cire ƙaya, in soya tumatir da tattasai, in tsaida ruwa in karya taliya a ciki, tukunya guda, wanke-wanke guda. Rama ma na iya, har da zubar da ruwan farko don tsamin ya ragu kafin a kwaɗa. Ran da zafi ya yi zafi kuwa ba na ma hura gawayi, fura nake damawa da nonon da matan ruga ke kawowa, in sha in yi alwala. Kuma duk wanda na sauke a cikinsu, ranki ya daɗe, sai in tsaya da ludayi a hannu ina tunanin ko gishirin ya yi miki, ko yajin zai sa ki tari, ko za ki ce albasa ta yi yawa. Ina girki don bakin da bai taɓa ɗanɗanawa ba. Akwai wahalar da ta fi wagga?

Kin san yadda muke a ƙauye, bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa ƙofar gida a haɗu a ci tare. Da na fara fitowa da nawa, sai kallon-kallo ya tashi, anka shiga raɗa wai Labbo ya ɗaura aure a ɓoye. Almu da ba ya iya riƙe bakinsa ya tambaye ni gaban kowa hannun wace ce wannan. Na ɗaga nawa na nuna musu, ga ƙunar mai nan ba ta warke ba. Kai, na sha suna! Wani ya ce a sayo mini zane da ɗankwali, wani ya ce tun ba a kawo ta ba ta mallake ni. Na ce su faɗi duk abin da sunka ga dama, amma su lura da kwanon da ke fara ƙarewa. Na ji kunya, ba zan ce ban ji ba. Washegari na sake fitowa da shi.

Tasalla, farin watana, ina son ki. Ina son muryarki mai kaifi da ke tsaida ɗan kamasho a tsakiyar ƙarya, ina son yadda kike ɗaure ɗankwali a karkace in rana ta yi, ina son har faɗan da kike yi mini. Ki zo gidana ki zauna bisa tabarma ki miƙe ƙafa, ki ji yadda jira yake da daɗi. Rumfa in kina so ki riƙe, in ba ki so ki rufe, wannan naki ne. Amma wutar yamma tawa ce, ba ta makon angonci ba, ba ta wata guda ba, har ranar da hannuna ya kasa ɗaga tukunya. Ban iya tuwo ba, ba kuma zan ce ki tuƙa mini ba. Me za ki tarar a Mungadi? Gidan Ummaru cike yake da baki, kuma kin san ranar da kinka sauka za a ce ga gwana ta zo, a miƙo miki muciya. Ni kuma a bar ni nan da ruwan sama da tukunyar mutum ɗaya.

Almu zai kawo miki takardar nan tare da langa ɗaure cikin tsumma, na ce ya bi a hankali kada ya zubar. Faten wake ne da alayyafo, da hannuna na yi, zai iso da sauran ɗumi in bai tsaya surutu a hanya ba. Na san tarbiyyarki, na san mace irinki ba ta maida kwanon mutane haka nan, sai ta cika shi da abin da ya fi wanda anka kawo mata. Ina roƙon ki, karon nan ki karya wagga al'ada. In kinka ciko mini shi da tuwonki, na gane: ni mai saye ne kamar kowa, an sallame ni da mutunci, ba zan ƙara damun ki ba. In kuwa kin yarda namiji ya ciyar da ke, ki cinye, ki maido mini langata ba komai ciki, ko wankewa kada ki yi. Gobe zan tsaya bakin hanyar Jega ina jiran Almu, tun kafin in buɗe murfin langar, nauyinta zai gaya mini.

Naki yau, naki gobe, naki ko kin tafi Mungadi, ba kuma zan ɗora wa wata tukunya ba bayanki,

Labbo, Kashin Zama.