Rigar da Baba Zai Sa Gobe

Gorton, daren Lahadi

Kawu Sani ya zo daga Selly Oak, inda yake zaune. Muna cin tuwo ya karanto mana labari a wayarsa, wai a Amurka ofishin da ke biyan tsofaffi fansho ya sayi harsasai masu yawa.

"Yaya, wa za su harba?" ya tambayi Baba. "Tsoffin da ke kan layi?"

Umma ta yi dariya kaɗan. Baba ya ce, "Kai dai ci tuwonka, sarkin karatu."

Kawu bai san council, wato ƙaramar hukuma, ta sallami Baba daga aiki ba. Gobe Baba zai je ofishin neman aiki, shi ma ya hau layi.

Na san nan ba Amurka ba ce. Amma Baba idan yana bayani murya yake ɗagawa, yana nuna mutum da yatsa, ko ba fushi yake ba. Haka duk 'yan gidansu suke magana. Rannan a wajen GP, likitan unguwa, Baba yana bayani matar da ke zaune a tebur ta ja kujerarta baya, ta kira mai gadi.

Na so in ce masa ya bar hannuwansa a aljihu gobe. Ban taɓa gaya wa Baba yadda zai yi ba. Na tsaya a ƙofar falo har ya ɗago.

"Uwata, lafiya?"

Na ce rigarsa zan goge masa.

Ko tsoro ban ji ba, ina ta guga kawai. Na mayar da farar shat ɗin da ya fitar. Kaftani na goge masa, don shi ne mai aljihu a kowane gefe.