Ni Na Kira Wanzamin

Lafiya,
14 ga Agusta, 1995

Zuwa ga Yaya Abdulsalami,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali a can Jidda. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya, damina ta yi kyau, an fara haƙar doyar Baba a Assakio. Rekiya ta sauka lafiya, an samu mace.

Yaya, akwai maganar da na ɓoye maka, ta hana ni sakat. Ka tuna likitan Jos, Dokta Iorfa, ya ce minsharin Baba da muke yi wa dariya tun muna yara ciwo ne, numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci. Ya ce ko injin hura iska ta hanci, ko aiki a maƙogwaro, amma saboda hawan jininsa injin ya fi. Wanda ka aiko ta hannun alhazai ya iso. Baba ya ɗaura sau biyu ya ajiye, wai shi ba jaki ba ne da za a sa masa takunkumi, ga wutar lantarkin ma ba ta kwana. Ni kuwa da shegen garajena na ce ai aikin da likita ke nufi cire beli ne, wanda ake yi wa jarirai kullum. Ni na lallashe shi, ni na kira wanzamin. Da ya yanke belin, jini ya ƙi tsayawa, sai da muka kwana shida a asibiti. Garin neman gira na kusa rasa ido, minsharin kuma yana nan yadda yake.

Likita ya yi faɗa sosai, ya tambayi wanda ya kawo wannan shawara. Ina tsaye a wurin Baba ya ce shi ne da kansa, ba wanda ya sani. Yanzu yana ɗaura injin ba musu, da janaretan maƙwabcinmu Akaa, kuma na san don hankalina ya kwanta yake yi. Kunya ta ishe ni. Kai ka yafe mini, domin shi duk sanda na buɗe baki zan roƙe shi, sai ya aike ni ɗebo ruwa.

Ka gaida Anti Batulu da yara. Inna da Babandi suna gaishe ka. Baba ma yana gaishe ka, ya ce in rubuta maka cewa mura ce ta kwantar da shi.

Ƙanwarka,
Sabuwa