Liyarin Tumba

Daren Laraba, watan Azumin Tsofaffi, Zurmi.

Yau na cuci Tumba, ƙawata tun muna 'yan mata. Idonta ya mutu. Ta kwance tsumman tsoffin kuɗɗin uwatta, tac ce, "Hassi, ke ce idona, duba min ko sun isa likkafani."

Cikin aninai masu huji na ga liyarin azurfa guda, irin wanda wani mutumin Shinkafi ka nema ido rufe shi kai Nijar. Nic ce mata duk ƙarfe ne, na saye a kuɗin ƙarfe. Har albarka ta sa min.

Gari ana ta zancen alƙali na yanke hannun ɓarawo. Nawa laifin ba wanda ya gani. Ga shi mun yi alkawali, in ta riga ni, ni ka yi mata wanka. Da wannan hannun za ni taɓa ta.