Maɓallan rigar Auta

Baban Auta,

Na wuce aiki, ban tashe ka ba. Shayinku yana cikin filas.

Jiya da ka ɓalla masa rigar makaranta don sauri, malamarsu ta ce wuni ya yi bai ce uffan ba. Yana dawowa ya ɓalle maɓallan duka, ya zauna yana sakewa. Yaro mai lalurar Down sai a hankali, wallahi bakina ya gaji da faɗa.

Don Allah yau ka miƙa masa rigar, ka sa hannunka a aljihu. Ko ya ɓalla a karkace, bar shi ya tafi haka. Ba don makaranta nake koya masa ba, don ranar da ba mu nan ne.

Maman Auta