Idonki Ya Buɗe, Kunnena Ya Yi Maraici

Zuwa ga sanyin zuciyata, inuwata idan rana ta take, ruwan randata a tsakar zafi, uwar 'ya'yana, abokiyar tsufana,

Ina miki sallama irin ta mai ƙishi ga rijiya. Tela ne ke rubutawa, ni nake faɗa, tunda kin san ni da alƙalami sai kallo. Na gargaɗe shi kada ya ƙara mini gishiri, kada kuma ya rage barkono.

Ya farin watana, wane laifi na yi miki? Auta ta ɗauke ki zuwa gidanta don ki yi jinyar idon da aka yi wa aiki, aka ce ana cire bandeji za ki dawo ɗakinki. An cire bandeji, ido ya washe, har an ce kina zura zare a allura ba ki kira kowa ba. Na yi hamdala har goshina ya yi zafi. To ina ƙafarki? Damina ta sauka, tsuntsayen da suka yi ƙaura sun dawo sheƙarsu, ke kaɗai ce kika ɓata hanya?

Kin manta yadda muke? Injin niƙa ya cinye mini kunnuwa, ya bar mini ɗan saura a na hagu. Ke kuma yanar ido ta rufe miki gani. Allah da ba ya haɗa wa bawa zafi biyu, sai ya bar mini gani, ya bar miki ji. Da yamma idan za a fara wasanmu a talabijin, mu zauna a bencin nan kafaɗa da kafaɗa. Ni in ce miki ga matar makanike ta fito da jan mayafi, idonta a kumbure. Ke ki matso da bakinki kunnena, da ƙamshin kanumfarin da kike taunawa, ki ce mini ga abin da ta faɗa. Mutum biyu, ɗan kallo ɗaya! Maƙwabta na yi mana dariya, suna cewa kurma da makauniya sun buɗe silima. Mu kuwa ko a jikinmu, don babu wanda ya kai mu sanin wasan nan ciki da bai.

Ranar da aka ƙulla wa makanike sharri aka tafi da shi gidan yari, ni na ga ankwa a hannunsa, ke kika ji kukan matarsa. Kika damƙe mini hannu har farcenki ya bar shaida, kika ce, “Maigida, in matar nan ta ci amanarsa, ni da ita har abada!” Ke kika faɗa, ya kurciyata, ba wani ba. Kunnena ne ya mutu, ƙwaƙwalwata tana nan da ranta. Ina riƙe da launin zanen da kika ɗaura ranar da na fara ganinki a ƙofar injina, da kwano a ka, gari a gira. Wannan maganar ce za ta kuɓuce mini?

Kashi na ƙarshe ni kaɗai na kalla. Wayyo, ina ma ban kunna ba! Na ga makanike ya dawo, ya rame, furfura ta fito masa, ɗan ƙullin kayansa a hannu. Na ga matar ta tare shi a bakin ƙofa, bakinta na ta motsi, na ta motsi, hawaye na zuba. Sai ta ɗauki jakarta, ta wuce shi, ta shiga motar Mai Agogo, attajirin nan da ya daɗe yana zagayenta kamar shaho da 'yan tsaki. Me ta ce wa mijinta? Wace magana ce za ta wanke wannan? Na juya hagu in tambaye ki, sai bango.

Washegari unguwa ta ɗauka kamar gobara. Mai aski ya bar kan mutum rabi a aske, ya fito titi da almakashi yana rantsuwa. Mai shayi ya ƙwace kofi daga hannun wani direba don ya ce matar ta yi daidai. Mata a bakin famfo, bokitai sun cika suna ambaliya, babu mai kallonsu, sai nuna juna da yatsa. Ni ina tsaye kamar turke, ina ganin bakuna ba na jin komai. Kowa so yake ya kwatsa mini labarin a kunne, ni kuwa sai in cusa yatsa in toshe. Mai aski har riƙe ciki yake don dariya, wai kurma ya ƙara da toshe kunne. Su yi ta yi! Ba a bakin kowa zan ji ƙarshen wasan nan ba. Abin da muka fara tare, ba zan ƙarasa shi da ɗan haya ba.

Sai ga ƙanwarki ta zo ɗibar miki kayan sawa. Ba kala ɗaya ba, ba biyu ba, har da na ƙasan akwati! Kafin in ankara ta kafa baki a kunnena ta ce, “Yaya na gaishe ka, tsohon rigima! Ta ce ashe Mai Agogo kyakkyawa ne, kai kana ta ce mata idonsa kamar na ɓera. Ta ce da ita ce, da tuni ta shige motar!” Ta kwashe da dariya, ta kwashi kaya, ta bar ni da hannu a ƙirji.

Ke, zumar rayuwata, ke ce da wannan magana? Da maciji ne ya sare ni, da na san inda zan ɗaure. Idon ɓera ne, yau ma na faɗa, gobe ma zan faɗa! Wa ya lallaɓa ya ajiye kayan sata a garejin makanike tun farkon wasa? Wa ya miƙa wa mai gadi ambulan a bayan mota? Duk unguwa sun manta, don sun ga ya yi kuka a asibiti ya sayi gadon marasa lafiya. Ni ban manta ba. Sabon ido fata yake gani, tsohon ido shi ya san hali. Abin da na gani na faɗa miki, ban rage masa komai ba sai abin da ba shi da amfani.

Amma bari in gaya miki inda ƙayar ta tsaya. Ranar da aka kwance miki bandeji, na sa rigata mai kyau na zo. Kika daɗe kina kallona, kallon da rabona da shi tun yaranmu na ƙanana, sannan kika ja kunnena kika ce, “Ashe haka ka tsufa?” Aka yi dariya, ni ma na yi. Yanzu kuwa maganar nan ta hana ni sakat. Shin matar makanike kike yaba wa, ko ni kike aika wa saƙo? Shin a duhu ne kaɗai nake da kyau? Itacen da kika jingina da shi lokacin da ba ki ganin hanya, yau da gari ya waye kin ga ɓawonsa ya tsattsage, shi ke nan ya zama na wuta?

Ki dawo, ya tauraruwar asubata! An ce za a maimaita kashin ƙarshe a ƙarshen mako. Ki zo ki faɗa mini abin da matar nan ta ce a bakin ƙofa, kalma bayan kalma. In kin ce ta yi daidai, zan yi musu da ke har muryata ta dushe, amma musun a ɗakinmu za a yi shi, ba ta bakin ƙanwarki ba.

Kuma ki san wannan. Babban yaronmu ya kawo mini wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a kunne, wai zan ji har tafiyar tururuwa, ba sai na jira kowa ba. Ya yi lallashi, ya yi fushi, Tela ma yanzu haka girgiza kai yake. Na mayar masa da abarsa a kwalinta, ko buɗewa ban yi ba. In na ji da kaina, me zai sa ki matso kusa da ni? Gara in mutu kurma ina jiranki, da in ji duniya duka babu muryarki a ciki.

Naki tun gashi na baƙi, naki yau da ya yi fari, naki har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Mijinki mai taurin kai.