Hannu a Kafaɗar Kaka

Bergen, farkon Satumba

Zuwa ga Inna Aslaug,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, sanyin tsibiri kuma bai matsa miki ba. Ni ce Tuva, jikar yayarki Borghild. Ba ki gan ni ba tun ina rarrafe, shi ya sa na daɗe ina jin nauyin rubuto miki. Mama ta ce ba kya ɗaukar waya, amma kina amsa wasiƙa.

A makaranta an ce kowa ya gina shafin intanet. Ni na yi na gayyatar bikin cikar Kaka shekara tamanin a watan Nuwamba. Na sa tsohon hotonku a cikin kwalekwalen mahaifinku, a ƙasa kuma akwai koren maɓalli da aka rubuta “Zan zo”. Dangi duk sun danna, saura ke.

Kaka ba ta tambaye ni komai ba. Sai dai kullum da safe, tana shan kofi, takan ce, “Tuva, duba mini abin nan naki, ko yana aiki.” Na san sunan da take nema. Don Allah, kin buɗe shafin kuwa?

Taki cikin ladabi,
Tuva

Værøy, tsakiyar Satumba

Tuva,

Na gode da gaisuwa. Rubutunki ya fi na uwarki kyau, kada ki gaya mata.

Na buɗe, na kuma gani. Ina tune da ranar da aka ɗauki hoton nan, ina tsaye a gefenta sanye da rigar ulu mai ratsi. Yanzu me ya rage? Borghild ita kaɗai tana washe baki, sai hannuna a kafaɗarta, kamar kifin da aka rataya aka manta. Tun muna yara ta iya almakashi.

Ba laifinki ba ne, ’yar nan. Abin da ta ba ki shi kika sa. Amma wanda aka yanke daga hoto ba ya shiga jirgin ruwa da jirgin sama don ya je cin kek. Ki gaida uwarki.

Aslaug

Bergen, ƙarshen Satumba

Inna Aslaug,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta ɗaure mini kai. A kwamfutata kuna nan ku biyu, har ratsin rigarki ana gani. Na duba a wayar Mama da ta maƙwabcinmu, duk haka yake. To ina kika tafi a taki?

Na kai wa Malama Vigdis tambayar, ko da yake ba na son yin magana a aji. Ta ce, “Ke da kike zaton shafi hoto ne a bango! Umarni kika rubuta, burauza ce ke karantawa ta zana, kowace da irin fahimtarta.” Burauza ita ce manhajar da kike buɗewa ki shiga intanet. Ta ba ni makullin ɗakin ajiya, inda aka jibge tsofaffin kwamfutoci. Na share wa ɗaya ƙura na kunna.

Inna, na ga hannun! Ashe na umarci hoton ya ƙanƙance ya shiga cikin firam, wato gurbin da na ware masa, tsohuwar burauza kuwa ba ta san wannan umarnin ba. Sai ta bar hoton da girmansa, firam ya datse abin da ya yi saura. Ke ce a ɓangaren dama. Da kin tsaya a hagu, da Kaka ce ta ɓace.

Na gyara. Ki sake buɗewa, ki faɗa mini duk abin da kika gani, ko da mummuna ne. Ina matuƙar son in san yadda shafina yake a ɗakinki.

Taki,
Tuva

Værøy, Oktoba

Tuva,

Tunda mummuna kike so, ga shi. Mun dawo mu biyu, amma kin miƙe mu kamar busasshen kifi. Kan Borghild ya yi tsawon tulun madara. Na yi dariya har kyanwata ta bar ɗakin. Koren maɓallin da kike ta faɗa kuwa ban taɓa ganinsa ba. Wani baƙin layi ne siriri a wurin, ko ƙuma ba zai iya danna shi ba.

Kada ki ce in sayi sabuwar kwamfuta. Marigayi mijina ne ya haɗa wannan, kuma tana nuna mini yanayin teku daidai. In shafinki ba ya iya magana da tsofaffi, to ki koya masa.

Amma akwai abin da ya tsaya mini. Kwanakin da nake fushi, kullum sai na buɗe na kalli hannun nan. Ba dafa ta na yi ba, damƙe ta na yi, har rigarta ta tattare. Na kasa tuna dalili. Da hoton yake cikakke ban taɓa lura ba, fuskata kawai nake kallo. Ba cewa na yi ki tambaye ta ba.

Aslaug

Bergen, ƙarshen Oktoba

Inna Aslaug,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da tulun madarar. Na rushe shafin na sake gini, wannan karon a tsohuwar kwamfutar na fara. Sai da komai ya tsaya daidai a can, sannan na ƙara kwalliyar da sababbi suke ganewa. Malama ta ce da haka ya kamata in fara, ni kuwa ban san akwai wanda yake kallo ta wata taga daban da tawa ba.

Ban tambayi Kaka ba. Na dai ba ta labarin hannun, sai ta ɗauki lema ta ce in kai ta ta gani. Cikin ruwan sama muka je makaranta, na buɗe mata tsohon shafin da na ajiye a tsohuwar kwamfutar. Ta daɗe tana kallo.

“Almakashi ta ce, ko? Ja’ira,” in ji ta. “Yatsun nan sai da suka bar mini shaida mako guda. Jiri nake ji ranar, saura kaɗan in faɗa ruwa. Kowa yana kallon mai ɗaukar hoto, ita kaɗai ta lura.”

Daga nan ta ce ƙurar ɗakin ce ta shiga mata ido. Ta kuma ce in bar mata wancan hoton da ya datse, tana son a wanke mata shi.

Maɓallin yana ƙasan hoton. Na sa shi ƙato.

Taki,
Tuva

Værøy, Nuwamba

Tuva,

Kore ne, na gan shi. Girmansa ya kai ƙofar rumbu. Na danna sau biyu, ko da na farkon bai ji ba.

Ki gaya wa Borghild ba jiri ba ne, kifin da ta sace a kicin ta ci ne. Ni zan kawo lefse, gurasar dankalinmu, nata kullum ƙonewa yake. Ki zo filin jirgin sama ki tare ni, in ga mai kwalliyar da ta yanke ni ta kuma ɗinke.

Innarki,
Aslaug