Jajayen Karfasar Kawu

Kalgo, 6 ga Yuni

Zuwa ga Kawu, Malam Abdulrasheed,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kuna lafiya kai da Inna Jummai. Tunda kunnenka ya ƙi jinin waya, zan riƙa ba Bashir direba takarda duk ranar da motarsa za ta Gwandu, kamar yadda ka ce.

Wata uku ke nan da kawo ni gidan miji, kuma jajayen karfasa biyun da ka sa mini a kayan aure suna nan kalau. Akwatin gilashin yana falo, nesa da taga. Duk Juma'a ina kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, sabon kuma sai ya kwana a bokiti kafin in zuba. Ban manta komai ba.

Sai dai duk matar da ta shigo ganin amarya sai ta leƙa ta ce, "Su biyu kawai a wannan uban akwati?" Ni ma ina ganin wurin ya yi musu yawa. Wane kifi zai iya zama da su?

Ka tuna Malam Albarka, mahaifin maigidana Shamsuddeen, dogon basarken nan masunci da ya zauna kusa da kai ranar ɗaurin aure. Kifayenka sun sa ya ajiye kunyar surukuta. Kullum bayan La'asar sai ya yi sallama, in shimfiɗa masa tabarma gaban gilashin. Ya ce shekara arba'in yana fid da irinsu daga ruwa, bai taɓa kallon su daga gefe suna harkarsu ba. Na tambaye shi, sai Baba ya ce kurungu kaɗai zai iya da su, amma kada in sa komai yanzu, in jira tukuna. Kwanan nan jansu ya ƙaru sosai, kuma su biyun sun duƙufa suna goge wani faffaɗan dutse da baki, suna tone yashin gefensa. Baba ya ce wannan ba lokacin baƙo ba ne.

Me ka gani, Kawu? Ga busasshen kifi nan a kwali, Baba ne ya ce a kawo muku.

Ɗiyarka,
Rumaisa

*

Gwandu, 9 ga Yuni

Zuwa ga Rumaisa,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, kwalin ma ya iso. A yi mana godiya.

Sai da na karanta sau biyu kafin in gane wa kike nufi da Baba. Kina shekara huɗu aka kawo mini ke, kuma har na aurar da ke Kawu nake. Wata uku sun yi albarka a Kalgo. Madalla.

Batun kifi. Shekara talatin da ɗaya na koyar da ilmin halittu a sakandare, kuma waɗannan jajayen ni na yi renon iyayensu da kakanninsu. Littafi yana kiran danginsu sikilid, kifi ne mai kama wuri ya ce nasa ne. Saboda haka ba a haɗa shi da wanda zai shiga bakinsa, ba a haɗa shi da mai doguwar wutsiya mai tafiyar yanga. Wanda ake nema shi ne mai sauri, mai yawo a saman ruwa, mai tafiya a garke, don idan ya kori wannan sai wancan ya gifta, faɗan ya rabu.

Kurungu kuwa na san shi a miya. Baƙi ne, ga ƙaya, ga gurnani, kuma wuni yake a ɓoye, ba za ki ma gan shi ba. Kama kifi daban, riƙe shi da rai a gilashi daban. Mai birgi, ragar nan ta jefawa, ya san inda kifi yake kwana, amma duk wanda ya shiga hannunsa ranar ce ta ƙarshe.

Na ba Bashir jarka da ƙananan kawara shida daga nawa akwatin. Ki bar jarkar kusa da gilashin awa ɗaya, kina ƙara mata ruwanki kaɗan-kaɗan, sannan ki sake su. Babu wani jira. Ki sa su ranar da suka iso.

Innarki tana gaishe ki. Ta ce tun tafiyarki ba wanda yake ɓata mata buta.

Wassalam,
Kawunki, Abdulrasheed

*

Kalgo, 14 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Da fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Na yi yadda ka ce. Jarkar ta iso da La'asar, Baba yana zaune a tabarmarsa. Ya dubi kawarar ya ce, "Ɗiyata, waɗannan sadaka za ki yi da su." Na ce masa Kawu ne ya aiko, kuma Kawu ya ce babu jira. Shamsuddeen yana tsaye a ƙofa yana yi mini ido, na yi kamar ban gani ba. A gaban tsohon nan na sake su. Ya ɗauki takalminsa ya fita.

Ashe da safiyar ranar macen ta riga ta jera ƙwai a bayan dutsen, ta gefen da ba na gani. Kafin Magariba kawara biyu sun juya ciki sama. Washegari uku suka bi su. Ta shidan ta yi tsalle ta faɗo ƙasa, na tsince ta bayan kujera ta bushe. A cikin wannan hargitsi ƙwan ya watse, ban san wa ya cinye ba. Da namijin ya rasa wanda zai kora sai ya koma kan macen. Ya yaga mata wutsiya, ya fasa mata gefen ido, na same ta a kusurwa ta sama tana numfashi da ƙyar.

Ban iya zuwa wurin Baba ba don kunya. Shamsuddeen ne ya je. Baba ya aiko da ƙwarya aka ɗauke ta, yanzu tana sashensa a cikin tsohuwar randa da ruwan gulbi da ɗan gishiri. Ya ce ta fara cin tana. Amma shi kwana huɗu ke nan bai taka falona ba. Idan na gaishe shi da safe yana amsawa da kyau, sai dai ba ya ƙara komai a kai. Matan gida sun ji labari, har wata ta ce amaryar boko ta fi masu ruwa sanin ruwa.

Kawu, zan yi tambaya, ka yafe mini in ta yi nauyi. Na rubuta maka cewa jansu ya ƙaru, suna goge dutse. Ina aji biyu ka ɗaga ni a kan kujera ka nuna mini uwarsu tana yin haka, ka ce, "Idan kika ga wannan, ko yatsa kada ki sa." Sai jiya na tuna. Ni na manta ne. Kai fa, ka ga wannan layin a takardata?

Ɗiyarka,
Rumaisa

*

Gwandu, 16 ga Yuni

Rumaisa,

Bayan sallama. Na ji abin da ya faru, Allah Ya mayar da alheri.

Randa ba wurin wannan kifi ba ce. Ba haske, ba injin iska, kuma ruwan gulbi cike yake da cuta. Tunda yanzu akwai malamin da ya fi ni a kusa da ke, ba na son in riƙa shiga aikinsa. Ki sa macen a jarka ki ba Bashir ranar Alhamis. Jinin kifayena ce, ni zan yi jinyarta. Namijin ki riƙe, a haɗa shi da kurungu ko tarwaɗa ko kada, duk wanda aka zaɓa miki.

Ba sai an ƙara aiko da busasshen kifi ba. Haƙorana ba sa iyawa.

Abdulrasheed

*

Kalgo, 19 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna.

Ban taɓa ƙin maganarka ba, amma yau ban ba Bashir jarka ba. Ka san motarsa, ka san hanyar. Kifin da ke iyo a karkace ba zai kai Gwandu ba. In kana son ta, ka zo ka ɗauka da hannunka idan ta warke.

Kuma ba ka amsa tambayata ba.

Batun suna, kowa a gidan nan Baba yake ce masa, har maƙwabta. In na ce masa Malam Albarka, gobe za a ce ba a yi mini tarbiyya ba, kuma kai za a zaga. Ban san wannan zai yi maka ciwo ba. Da na sani ma ban san yadda zan yi ba.

Na karanta wa Shamsuddeen takardarka, ban san tsohon yana bayan taga yana gyaran komar kamun kifi ba. Yau da safe ya miƙo mini wannan da ke ciki, ya ce a ba ka. Da ajami ya rubuta, ya naɗe, ban buɗe ba.

Ɗiyarka har kullum,
Rumaisa

*

Daga Albarka basarke zuwa ga surukinai Malam Abdulrasheed. Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka da iyalinka.

Bayan haka, Malam, ni ba mai rubutu ba ne, ka yi haƙuri da hannuna.

Kifinka tana nan da rai. Idon guda ya tahi, gudan shina gani. Gaskiyarka kan randa, ba ta son duhun. Na san abin da kifi ka ci, na san lokacin da shika aure, amma ban san yadda ruwa ka zama wata uku cikin gilashi bai yi wari ba. Nawa kwana biyu sai in canza. Wannan ilminka ne.

Na ji kana ganin an amshe maka ɗiya. To bari in ba ka nawa labari. Shamsuddeen tun yana yaro bai taɓa shiga jirgina da son ransa ba. Ƙarni shika ce mani. Ya yi boko, ya samu aikin ofis, ko sunan kawara bai sani ba. Sai ga shi an kawo amarya da akwati, yaron ya zauna shina kallon kifi kamar wanda bai taɓa gani ba. Na ce alhamdu lillahi, yau za a tambaye ni. Ina zuwa, me nika ji? Kawu ya ce kaza. Kawu ya hana kaza. Ɗan da na haifa, a gidana, kan kifin da ni ka zubarwa in ya shiga birgina don ƙanƙanta. Ka ɗauka don kallo kaɗai nika zuwa falon nan kullum? Ina zuwa ne in samu inda Kawu ya yi kure.

Ranar da kawararka sunka iso na san za su mutu. Na faɗa sau guda, da anka ce Kawu ya ce, sai na yi shiru na fita. Da na tsaya na nuna wa ɗiyarka bayan dutsen, da ta ga ƙwan da idonta, da ba ta sake su ba. Ban nuna ba. So nike a gani. An kuwa gani, kuma yarinya ce ta sha kunya, ita da ba ta yi wa kowa komai ba. Abin da ya hana ni shiga falonta ke nan, ba fushi ba. Ban gaya mata ba. Kai na fara gaya wa, don ina zaton kai ka fi kowa gane irin wannan.

Na samu ƙananan kurungu uku wajen Dangoma, suna cikin gora. Fatarsu kauri, ƙayarsu uku, ƙasa suka zama, jan nan in ya taɓa sau guda ba shi komawa. Amma ban san yadda aka jera duwatsu a gilashi kowa shi samu ɗakinai ba, kuma ban san yadda aka maida mace wurin namijin da ya doke ta ba. Ba ni sa komai sai ka zo. In ba ka zo ba, su tsufa cikin gora.

Kifin da anka aiko, in haƙori ya gaza, a daka shi a miya.

Wassalam.

*

Gwandu, 21 ga Yuni

Rumaisa, ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ga amsar tambayarki. Na ga layin. Na gane shi tun karatun farko. Da na ce ki jira, da na zama mai maimaita maganar wani, shi ya sa na ce kada ki jira. Ki yafe mini. Innarki ta riga ta yi mini nata faɗan, kwana biyu ke nan.

Zan zo ranar Asabar mai zuwa a motar farko. Kada ki taɓa komai. Za mu fid da namijin, mu rushe duwatsun duka mu sake jeri, mu fara sa macen da baƙin su kama wuri, shi ya shigo a ƙarshe. Ki nemo fasassun tukwane. Ki shimfiɗa tabarma biyu.

Ki gaya wa Malam Albarka na karanta takardarsa, sauran maganar baki da baki ce. Ki kuma gaya masa kurungu biyu za a sa, ba uku ba. Akwatin ƙafa huɗu ne, ni na auna shi. Wannan kam na fi shi sani.

Kawunki,
Abdulrasheed